Yadda Ake Kiwon Ƙadangare Mai Gemu a Jos: Akwati, Ɗumi da Abinci

Ƙadangare mai gemu, wanda masu sayar da dabbobin sha'awa a Legas da Abuja ke tallatawa da sunan bearded dragon, asalinsa daga busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya yake. Masana suna kiransa Pogona vitticeps, kuma dangi ɗaya suke da ƙadangaren da ke gyaɗa kai a katangar gidajenmu. Wannan dangantakar ce ke yaudarar mutane. Sai ka ji mutum ya ce tunda namu na katanga ba wanda ke kula da shi, ai wannan ma kwali da ɗan latas sun ishe shi. Na katanga shi yake zaɓa wa kansa lokacin shan hantsi da lokacin komawa inuwa, kuma ya wuni yana kama ƙwari iri-iri. Wanda ka kulle a akwati kuwa ba shi da rana sai wadda ka kunna masa, ba shi da abinci sai wanda ka zuba. Yawancin cututtukan da ke kama shi a hannun masu kiwo daga nan suke tasowa: zafi bai kai ba, haske bai dace ba, ko abinci ba kalsiyam.

Babba yana kai santimita 45 zuwa 60 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, nauyinsa giram 300 zuwa 500, kuma in ya samu kulawa yana yin shekara 10 zuwa 15. Saboda haka sayen dabbar shi ne mataki na ƙarshe. A fara da akwati, a haɗa fitilu, a yi mako guda ana awo, a samu hanyar ƙwari, sannan a kawo shi.

Akwatin

Mafi ƙanƙantar akwatin da ya dace da babba guda ɗaya shi ne mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, wato ƙafa huɗu da biyu da biyu a bakin kafinta. Ko ɗan ƙarami ka saya, yi wannan girman tun farko, domin cikin shekara guda zai kusa cika girmansa. Dalilin tsawon ba wurin yawo kaɗai ba ne. Dole gefe ɗaya ya yi zafi, ɗayan ya yi sanyi, shi kuma ya riƙa kai-komo tsakaninsu yana daidaita zafin jikinsa. A ƙaramin akwati ko'ina zafi ne, ba wurin gudu.

A Jos katako ya fi gilashi, saboda gilashi ba ya riƙe ɗumi a daren hunturu. Ka sa kafinta ya yi amfani da filawud mai kaurin milimita 18, za a samu a kasuwar Katako ko ta Building Materials da ke hanyar Bukuru. Baya da gefuna biyu da sama da ƙasa duk katako. Gaba kuma a fara da katako mai tsayin santimita 15 daga ƙasa, a ɗora ƙofofin gilashi biyu masu zamewa a kansa, kauri milimita 5 ko 6. Masu aikin tagar alminiyom sun san wannan, kuma za su sa maka ɗan makulli. Ƙofar gaba ta fi ta sama, domin a dawa daga sama shaho ke zuwa masa, hannun da ya sauko ta kansa kuwa tsorata shi yake yi.

Kafofin iska su ne abin da kafintoci ke yawan mantawa. A yanka biyu a ƙasa-ƙasa ta gefen sanyi, biyu a sama-sama ta gefen zafi, kowace kamar santimita 8 da 20, a rufe da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu wadda ɓera ba zai iya ci ba. Iska mai zafi za ta fita ta sama, ta jawo sabuwa ta ƙasa. Da damina za ka gode wa waɗannan kafofi. A shafa wa cikin banish mai haɗin ruwa sau biyu ko uku, a toshe kusurwoyi da silikon irin na akwatin kifi, sannan a bar shi a buɗe mako ɗaya zuwa biyu. Gwajin shi ne ka kunna fitilar zafi, ka rufe ƙofa na awa guda, ka buɗe ka shinshina. In akwai sauran wari, bai shirya ba.

A ɗora akwatin a kan tebur, ba a ƙasa ba, kuma kada ya jingina da bango mai danshi ko ya fuskanci tagar da rana ke shigowa kai tsaye. In unguwarku akwai kwarkwasa ko cinnaka, a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ɗan ruwa. Kuma ɗakin da yake ciki ya fita daga jerin ɗakunan da ake fesa maganin sauro, ko kunna na hayaƙi, ko turaren wuta. In dole a yi feshi, a fitar da shi da kwanukansa da ƙwarinsa, kada a dawo da su sai ɗakin ya sha iska sosai.

Guda ɗaya ake sawa a akwati. Maza biyu faɗa za su yi har a rasa yatsu ko wutsiya. Namiji da mace kuma zai dame ta da barbara. Ko hawa kan juna da wasu ke ɗauka soyayya ce, na saman tare wa na ƙasa zafi da haske yake yi.

Abin shimfiɗa da kayan ciki

Watanni biyu ko uku na farko a shimfiɗa takarda kawai, ta jarida ko ta goge hannu. Kashinsa zai fito fili, ka ga ko yana lafiya. Bayan nan akwai zaɓi biyu. Mai sauƙin shi ne tayil mai kaushi, ba mai santsi ba, a yanka daidai ƙasan akwatin. Na biyun, ga babba mai lafiya wanda zafin akwatinsa ya daidaita, shi ne haɗin ƙasa da yashi rabi da rabi, zurfin santimita 10 zuwa 15, a danne, domin yana son tono. Sai dai a lura da inda aka ɗebo. Ƙasar lambu tana da taki da maganin feshi. Yashin tsofaffin wuraren wankin kuza kuwa, da suke ko'ina daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, yana da ragowar ma'adinai masu nauyi, wasunsu ma suna fitar da tururi mai illa, don haka a bar shi. A nemi yashin rafi, a wanke, a tankaɗe, a shanya ya bushe ƙarau.

Dusar katako da masu kaji ke shimfiɗawa ba ta yi ba. Yana haɗiye ta tare da ƙwari ta toshe masa hanji, ga ƙura, ga funfuna da damina. Haka tsakuwa.

A gefen zafi a ajiye faffaɗan dutse mai faɗin da zai ɗauki duk jikinsa. Wannan kam Jos ba ta rasa shi ba. A wanke da buroshi da ruwan zafi, a zaunar da shi a kan ƙasan akwatin kansa, ba a kan yashi ba, don kada ya tona ƙarƙashi dutsen ya faɗo masa. A ƙara reshe mai kauri na hawa, da maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. Tukunyar ƙasa da aka fasa mata ƙofa aka goge bakin ta isa. Ƙaramin kwanon ruwa mara zurfi ya zauna a gefen sanyi.

Zafi

Ga alƙaluman da ake nema, a ma'aunin Salshiyas. Saman dutsen shan ɗumi digiri 40 zuwa 42. Iskar gefen sanyi digiri 24 zuwa 28. Da dare a kashe komai, zafi ya sauka, amma kada ya yi ƙasa da 18 ga ƙarami. Babba mai lafiya yana jure 15.

Ba a gane waɗannan da tafin hannu. Kayan awo biyu ake buƙata: bindigar auna zafi, wadda ake nuna wa dutse ta faɗi zafin samansa, da ma'auni na dijital mai 'yar waya wanda ke nuna zafin iska da danshinta. Mai allura da ake mannawa a bango yana iya kaucewa da digiri da yawa. A yi awo bayan fitila ta yi awa biyu zuwa uku a kunne, lokacin dutsen ya gama ɗaukar zafi.

Fitilar zafi ita ce ƙwan halojin mai farin haske mai bazuwa, wat 50 zuwa 100. A akwati mai tsayin santimita 60 a Jos, fara da wat 75, da tazarar kamar santimita 30 tsakaninsa da bayan dabbar. In dutsen bai kai 40 ba, ɗaga dutsen ko ka ƙara wat. In ya wuce 43, rage. Ƙwai biyu masu wat 50 a jere sun fi guda ɗaya mai wat 100, domin zafin zai rufe duk jikinsa maimakon ya ƙona wuri ɗaya a gadon baya. In halojin ya yi wuyar samu, tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki yana riƙe wuri kafin a samo. Na LED da na rage cin wuta ba sa ba da zafi. Jan ƙwan da ake ɗumama 'yan tsaki da shi kuma, mai wat 150 ko 250, ya yi ƙarfi da yawa, jan haskensa yana rikita masa gani da barci.

Holdar da ƙwan zai shiga ta zama ta tangaran. Ta roba narkewa take yi, kuma a cikin akwatin katako wannan hanyar gobara ce. A sa mata kejin waya don kada ya taɓa ƙwan. A haɗa fitilar da tamostat, wato na'urar daidaita zafi, mai rage haske a hankali, ba mai kashewa da kunnawa ba, a ɗaure bakin wayar awonsa a gefen zafi inda dabbar ba za ta kwanta a kai ba. Dutsen lantarki mai ɗumama kansa da ake sayarwa, kada a saya. Yana ƙona musu ciki ba su ankara ba.

Wani kuskure da ke cin kuɗin mutane shi ne odar kaya daga Amurka. Wutarsu bolt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Ƙwan Amurka da ka sa a soket ɗinmu nan take zai ƙone. Duba kwalin ka ga 220 zuwa 240, ko ka yi oda daga Ingila ko Turai.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yana sauka kusa da digiri 10 a waje, wani lokaci ƙasa da haka. Cikin ɗaki ya fi ɗumi, amma sai ka auna. Bar ma'aunin a akwati ka duba da asuba kafin sallah, lokacin ne sanyi ya fi tsanani. In ya yi ƙasa da abin da aka faɗa, a sa ƙwan tangaran mai ba da zafi ba haske, wat 60 zuwa 100, a kan tamostat nasa da aka saita a 18 zuwa 20. Mai kiwo a Abuja matsalarsa akasin wannan ce. A watan Maris ɗaki kansa yana iya wuce digiri 32, sai gefen sanyi ya ɓace. Sai a rage wat, a sa fanka tana kaɗa ɗakin, ko a mai da akwatin ɗakin da ya fi sanyi. Buɗe baki a kan dutse ba komai ba ne, haka yake fitar da zafi. Amma in yana buɗe baki a gefen sanyi yana karce gilashi, akwatin ya yi zafi da yawa, a kashe fitila nan da nan.

Hasken UVB

Nan ne masu kiwo suka fi faɗuwa, domin ido ba ya ganin wannan haske, kuma illar rashinsa sai bayan watanni take bayyana. Fatar ƙadangare tana amfani da hasken UVB da ke cikin rana ta haɗa bitamin D3, kuma sai da ɗumi aikin ke kammaluwa. Bitamin D3 shi ke ba hanji damar tsotse kalsiyam daga abinci. In babu shi, ko ka cika masa kwano da kalsiyam wucewa zai yi, jiki kuma ya koma yana zarar na ƙashi. Alamun su ne rawar yatsu da ƙafafu, muƙamuƙi ya yi laushi ko ya kumbura, ya kasa ɗaga ƙirji daga ƙasa, baya ko wutsiya su karkace. Ana iya tsai da ciwon, amma ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa.

Abin da ake nema doguwar fitila ce samfurin T5 HO mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, irin su Arcadia 12% ko ReptiSun 10.0 na kamfanin Zoo Med, tare da gidanta mai madubin mai da haske. Mai wat 24 tsawonta kusan santimita 55 ne, mai wat 39 kusan 85. Kowacce ta yi, muddin ta rufe kimanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsawon akwatin. A ɗaura ta a rufin ciki ta gefen zafi, kusa da fitilar halojin, yadda duk lokacin da ya hau dutse zai samu zafi da UVB tare. Gefen sanyi ya zama inuwa. Tazara daga fitilar zuwa bayansa santimita 30 zuwa 40. Kada gilashi ko roba su shiga tsakani, domin suna tare UVB gaba ɗaya. Shi ya sa ajiye akwati a bakin taga ba ya maye gurbin fitilar. Ragar waya ma tana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ƙarfin UVB yana raguwa ko da fitilar tana ci gaba da haske. A rubuta ranar da aka sa ta da maka a jikin gidanta, a canza bayan wata 12. Tsohon samfurin T8 wata 6 ne. Ƙaramin ƙwan UVB mai murɗe ba ya isar akwati mai wannan girma. Kuma ba duk abin da aka rubuta wa UV ne wannan ba. Shuɗiyar fitilar duba jabun kuɗi da ta kama ƙwari ba sa aikin. Ta kashe ƙwayoyin cuta, wato UVC, ƙona ido da fata take yi, nasa da naka. Mai hali ya sayi na'urar auna ƙarfin UVB, Solarmeter 6.5, ya nemi awo tsakanin 3 da 6 a kan dutsen. Ita ce kuma ke tona asirin jabun fitila.

Duk fitilun su hau taima: awa 12 a kunne, awa 12 a kashe, misali daga 6:30 na safe zuwa 6:30 na yamma. Da dare duhu sosai.

Muna da abin da masu kiwo a Ingila ke kishi, wato rana mai ƙarfi kusan duk shekara. A yi keji na raga, mai rufi da makulli, a rufe rabinsa da katako don inuwa, a fito da shi minti 30 zuwa awa ɗaya tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe, sau biyu ko uku a mako, in iska ta ɗumama ta wuce digiri 22. Kada a taɓa fito da shi a cikin gilashi ko bokitin roba, mintoci kaɗan sun isa zafi ya kashe shi. A tsaya a kansa, saboda shirwa da mage, kuma wanda ya yi laƙwas a ɗaki in ya sha rana gudu yake yi kamar ba shi ba. Amma wannan ƙari ne. A Agusta ana iya kwana da kwanaki a Jos rana ba ta fito sosai ba, don haka fitilar tana nan dole.

In an ɗauke wuta

Yi lissafi tun kafin ka saya. Halojin mai wat 75 da T5 mai wat 39 sun kama wat 114, a awa 12 kusan yunit ɗaya da rabi ke nan a rana. Ƙwan tangaran na daren hunturu yana iya ƙara rabin yunit ko fiye. Tunda yawancin aikin da rana ne, sola ta dace da shi. Faifan sola da suka haɗa wat 400 zuwa 500 da batir mai bolt 12 da am 200 za su riƙe, sai dai a tuna batir na ruwa rabin abin da ke cikinsa kawai ake ja. Inbata ta zama mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake ce wa piya sayin, in ba haka ba tamostat da gidan T5 za su riƙa ƙara su lalace. In da wutar NEPA ko janareta ake aiki, a sa sitabilaiza, domin hawa da saukar wuta ne ke ƙona halojin. A ajiye ƙwan halojin guda biyu na ko-ta-kwana.

Rashin wuta na 'yan awoyi ba ya masa komai. Ƙa'idar ita ce in ba zafi, ba abinci, domin sai da ɗumi yake narkarwa, abin da ya ci cikin sanyi ruɓewa yake yi a ciki. A daren sanyi ba wuta, a cika gora da ruwan zafi, a naɗe da tawul, a ajiye kusa da maɓoyarsa, a lulluɓe akwatin da bargo ban da kafofin iska. A cire bargon kafin fitilu su dawo. Kaskon gawayi da risho ba sa shiga ɗakin.

Danshin iska da ake so kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ne, ko ya ɗan haura. A Yuli da Agusta na ɗaki yana haurawa sosai. Zafin fitila da kafofin iska za su rage na cikin akwati da rana. Kada a fesa ruwa, a bar shimfiɗa a bushe. Danshi da sanyi tare su ke kawo ciwon huhu, alamarsa majina a baki da numfashi mai ƙara. Da hunturu kuma iska ta bushe har saɓa ta maƙale a yatsu da bakin wutsiya, ta shaƙe su. Sai a tsoma shi a ruwa mai ɗumin digiri 30 zuwa 32, iya kafaɗarsa, minti 10, a murza a hankali. Ba a ɓare saɓar da ba ta saki ba.

Abinci

Ƙarami maci ƙwari ne, babba maci ganye. Daga ƙyanƙyasa zuwa wata 4 a ba shi ƙwari sau biyu a rana, iya abin da zai ci a minti 10. Daga wata 4 zuwa shekara, sau ɗaya a rana. Bayan shekara, ƙwari sau biyu ko uku a mako, guda 5 ko 6, sauran duk ganye, har ganye ya zama kashi uku cikin huɗu na abincinsa. Ganye kullum ake sawa tun yana ƙarami, ko da yana wulaƙanta shi, don ya saba. Babban da ake ɗura wa ƙwari kullum teɓa yake yi, kitse ya lalata masa hanta. Tsawon ƙwaro kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu. A ba da abinci awa ɗaya zuwa biyu bayan kunna fitilu, kuma na ƙarshe ya rage aƙalla awa biyu kafin a kashe.

Samun ƙwari shi ne wahalar kiwon nan a Najeriya. Mafi sauƙi ita ce tsutsar baƙin ƙudan soja da ake kiwo don kifi da kaji. Tana da kalsiyam da yawa, ba ta buƙatar a barbaɗa mata garinsa. A saya wurin wanda ke ciyar da ita da dusa da ragowar kayan lambu, ba kashin kaji ba, a ɗauraye kafin a bayar. Gyare kuma ana kiwonsa a gida: babbar roba mai lita 60, murfi mai raga, kiret ɗin ƙwai na kwali a jere a tsaye, dusar 'yan tsaki wadda ba magani a ciki, da yankakken karas a madadin ruwa. A sa ƙaramar roba da ƙasa mai danshi su yi ƙwai. A digiri 28 zuwa 30 ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin mako biyu, su girma cikin mako 6 zuwa 8. Sanyin Jos yana jinkirta su, don haka a ɗora robar a saman akwatin ta gefen zafi. Tsutsar milwom ta yi kitse da tauri, ta marmari ce ga babba. Kwana ɗaya kafin a ba da ƙwari a ƙosar da su da zogale da kabewa, domin abin da ke cikinsu shi ne abin da zai samu. Gyaren da bai ci ba a kwashe kafin dare, yana cizonsa yana barci.

Ƙwarin da aka kamo a waje caca ne, musamman kusa da lambunan da ake feshi. Kyankyason gida, a'a. Soyayyiyar fara ta kasuwa mai gishiri da yaji, a'a. Fara mai launi-launi da ake gani a kan tumfafiya tana ɗauke da dafin itacen. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuwa guda ɗaya yana iya kashe shi.

Ganye kam kasuwar Farin Gada ta wadatar. Na yau da kullum: zogale, lalo, ugu, ganyen wake, lansir, a riƙa haɗa biyu ko uku ana juyawa. A ƙara gurzajjiyar kabewa, koren wake, kuɓewa da koren tattasai, karas jefi-jefi. Alayyahu da yakuwa suna da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam, kabeji in ya yi yawa yana taɓa maƙoƙo, don haka su zama na lokaci-lokaci. Latas kusan ruwa ne, yawansa zawo yake sawa. 'Ya'yan itace kamar gwanda da sitiroberi ɗan yanki sau ɗaya a mako biyu ya isa, zaƙi yana ɓata musu haƙora. Ba a ba shi piya, albasa, tafarnuwa, lemo, ko ganyen tumatir da na dankalin Turawa. A wanke ganye sosai, a yanka ƙanana.

A intanet za ka ga ana yabon ba shi kaktus. Wanda suke nufi mai faffaɗan ganye ne kamar tafin hannu. Ƙerana da ake shinge da ita a ƙauyukan Filato ba shi ba ce, farin ruwanta dafi ne mai ƙona baki da ido.

Garin kalsiyam ana barbaɗa shi a kan ƙwari: a zuba su a leda da ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, a girgiza, su yi fari-fari. Ƙarami kwana 5 a mako, babba duk ranar ƙwari. Garin bitamin na dabbobi masu rarrafe sau ɗaya a mako ga ƙarami, sau ɗaya a mako biyu ga babba. In na kanti ya yanke, ɓawon ƙwai da aka tafasa minti 10, aka busar, aka daka ya yi laushi kamar fulawa yana riƙe wuri. Garin ƙashi na abincin kaji yana da fosfaras da yawa, kanwa kuma ba kalsiyam ba ce.

Sayowa da makonnin farko

Ostiraliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, don haka duk wanda ke kasuwa haifaffen hannu ne. In daga waje za a shigo da shi, sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shige da ficen dabbobi da tsirrai. Zaɓi wanda ya kai santimita 15 zuwa 20, mai buɗaɗɗen ido, mai ɗaga ƙirji, gindin wutsiya a cike, yatsu cikakku, dubura ba kashi a manne. Ka ce a ba shi ƙwaro a gabanka. Samfurin da ba shi da ƙaya a fata ko kaɗan yana da wuyar kulawa, sabon shiga ya bar shi. In daga Legas za a taho da shi, a sa shi a jakar yadi cikin kwali mai huji, a wurin zaman mutane, ba a but ba.

Makon farko yana iya ƙin abinci, gemunsa ya yi baƙi. A ƙyale shi, kada a riƙa ɗauka. Bayan nan a riƙa tallabo shi ta ƙasa, duk ƙafafu huɗu a kan hannu, kuma ba a jan wutsiya, domin tasa in ta yanke ba ta tsirowa. A kwashe kashi kullum. Lafiyayyen kashi yana da baƙin ɓangare mai tauri da fari mai laushi. A kai sabon kashi asibitin dabbobi, kamar na koyarwa na Jami'ar Jos, a duba tsutsar ciki da ƙwayar cutar hanji ta koksidiya, kuma kada a ba shi maganin kaji da ka. A auna nauyinsa da sikelin kicin duk mako a rubuta.

Yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsa ko da lafiyarsa ƙalau. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kada a wanke kwanukansa inda ake wanke-wanken abinci, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su tsaya a kallo.

Mace tana yin ƙwai ko ba namiji, 15 zuwa 25 a lokaci guda. In ta fara tono ba hutawa ta rage ci, a sa mata roba mai zurfin santimita 20 zuwa 25 cike da yashi mai ɗan danshi, a ƙara mata kalsiyam. In ta yi kwanaki tana yunƙuri ba ta zuba ba, ta yi laushi, sai likita. Babba kuma yana iya rage ci ya shige maɓoya na makonni idan sanyi ya shigo. In nauyinsa bai sauka ba, hutun sanyi ne irin nasu: a daina ba da abinci, a bar ruwa, a ci gaba da awo. In nauyin ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, ko kuma bai kai shekara ba yake wannan kwanciya, a fara duba zafin dutse da ranar da aka rubuta a jikin fitilar UVB, sannan a kai shi asibiti da kashinsa a leda.